Fiyus ɗin motar Kawu Bala

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, ina ɗan shekara goma sha biyu. An tashe mu daga makaranta kafin azahar, na biyo ta garejin Baba kamar yadda na saba, ko rigar makaranta ban cire ba. Garejin ba wani gini ba ne, rumfar kwano ce a gindin dogon yaro, kusa da inda motocin Argungu ke lodi a Birnin Kebbi. Na tarar da motar Kawu Bala, ƙanin mahaifiyata, an ɗaga murfin injinta, Baba ya shige ciki har kafaɗa. Kawu yana zaune a kan tsohuwar taya yana cin gyaɗa, yana zolayar mijin yayarsa. Ya sayo manyan fitilu biyu da yake so a ɗaura masa a saman mota, da wani hon mai ƙarar gaske, wai shanu da jakuna sun daina jin tsoron nasa a hanyar Gulma. "Malam Garba, aikin da ake yi kafin shayi ya huce, kai sai ka kai shi la'asar," in ji Kawu. Baba bai ko ɗago ba ya ce, "Sarkin gaggawa, in sauri kake yi ka rataya su a wuya ka tafi." Suka yi dariya, ni ma na yi. Ban ƙara ganin su biyun suna dariya tare ba.

Baba mai wayarin mota ne, kuma a lokacin ba a kawo masa aiki don sauri, sai don a kwana da hankali kwance. Bai yi boko ba, amma yana da ƙa'idojin da ko gwamna ne ya zo ba zai tsallake su ba. Kafin ya taɓa komai sai ya kwance kan batir. Ba ya murɗa waya biyu da haƙori ya naɗe da leda kamar yadda wasu ke yi; sai ya fere su, ya haɗa da dalma, ya naɗe da tef har sau uku. Wayar da za ta ɗauki wuta mai yawa sai mai kauri. Inda za a ɗaura waya a jikin mota sai ya kankare fenti da tsatsa har ƙarfen ya yi fari. Amma abu biyu ya fi nanatawa, har na haddace su kamar karatun allo. "Duk abin da ka ƙara ma mota, ka ba shi fiyus nashi, kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya." Na biyun kuma: "Waya ba ta ratsa hudar ƙarfe sai da zoben roba." Ya sha nuna mini dalili. Mota tana girgiza a hanya, bakin huda yana da kaifi, kullum yana ɗan cin rigar waya har ya kai ga jan ƙarfen da ke ciki. In akwai fiyus, shi zai tsinke, wuta ta ɗauke, a sayi wani. In babu, batir zai juye duk ƙarfinsa cikin wayar har ta yi ja. Oga Emeka mai sayar da kayan mota a bayan tasha, wanda Hausa ta zauna a bakinsa fiye da ta wasunmu, yakan ce mini in an aike ni, "Ubanka kaɗai ke sayen robar nan a garin nan. Don shi nake kawo ta."

Duk wannan na san shi. Ina faɗa ne don kada wani ya ce yarinta ce ko rashin sani. Tun ina ɗan shekara tara nake riƙe wa Baba fitilar gwaji, ina miƙa filaya da sukudireba, kuma hannuna ya faɗa da aikin har yakan yaba mini a gaban mutane.

Sai dai a shekarar nan hankalina ba ya gareji, yana kan motar langa-langa. A unguwarmu duk yaron da ya isa yana da tasa. Mukan bi bola muna tsintar gwangwanin madara da na man gyaɗa, mu buɗe su da dutse da ƙusa, mu yanka tsofaffin silifa mu yi tayoyi, mu sa doguwar waya ta zama sitiyari. Da safe in na ɗebo wa Inna ruwa na cika randuna, na zuba wa tumaki dusa, na dawo daga makarantar allo, sauran tunanina duk yana kan yadda tawa za ta fi ta kowa. Mukan shanya matattun batiran rediyo a kan katanga su sha rana, mu jera su cikin kwali, su ba ƙaramin ƙwan tocila ɗan haske. Tawa kwaikwayon motar Kawu Bala ce, har da wurin ɗora kaya a sama, domin a duniya ba ni da gwani kamarsa. Duk hutu shi ke ɗauka ta zuwa Gulma, ya zaunar da ni a gaba kusa da shi. Can nake korar tsuntsaye a fadamar shinkafa tare da 'ya'yansa, mu yi ta kaɗa gwangwani har muryarmu ta dushe, mu taya cire albasa idanunmu na ruwa, da yamma kuma ya kai mu gulbi ya ɗora ni a kan gora yana koya mini iyo. Da hannunsa na dama yake tallafe cikina a cikin ruwa, yana cewa in saki jiki ba zai bari in nutse ba.

A ranar Larabar nan yaran unguwa sun shirya tseren motoci bayan la'asar a filin bayan makaranta, kuma ni na yi alkawarin zan zo da abin da ba su taɓa gani ba, alhali ba ni da komai.

Bayan an sallame azahar sai aka aiko wa Baba cewa wani dattijo maƙwabcinmu ya rasu, za a yi jana'iza nan take. Kawu ya riga ya tafi kasuwa neman fasinja. Aikin kuwa saura kaɗan: Baba ya ɗaura fitilun, ya kafa hon, ya gama haɗa komai a ƙarƙashin sitiyari. Abin da ya rage shi ne jar waya mai kauri da za ta taso daga batir, ta ratsa bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da mazaunin direba. Ya shimfiɗa tsumma a ƙasa ya jera mini kayan: wayar, zoben roba, da gidan fiyus sabo fil. Ya ce in ja wayar in haɗa, amma kada in mayar da kan batir sai ya dawo ya duba. Ya wanke hannu da kananzir da omo, ya sa hula ya tafi.

Gidan fiyus ɗin nan ɗan ƙaramin akwati ne baƙi, da murfi mai haske kamar gilashi. Ina ɗaukarsa na ga fitilar saman motar 'yan sanda. Na ga ƙwan tocila a cikinsa yana haske a saman motata, na ga idon yaran unguwa. Ban daɗe ina shawara da zuciyata ba, wannan ita ce gaskiya. Na cire fiyus ɗin na jefa cikin gwangwanin ƙusoshi, na sa akwatin a aljihun wandon makaranta. Sannan na zo kan huda. Na yi ta fama in zaunar da zoben roba, yana ta zamewa, zafi ya ishe ni, gumi na shiga mini ido, ina jin ihun yara daga nesa. Da ya faɗi cikin yashi karo na uku sai na tura ƙasa da ƙafa na rufe shi. Na zura wayar haka nan cikin hudar, na ɗaure ta kai tsaye a batir, na naɗe wurin da tef mai yawa don ya yi kama da akwai wani abu a ciki. Ina gamawa Kawu ya dawo, fasinja na jiransa a tasha. Na gaya masa Baba ya ce a jira shi. Ya ce, "Kai ba ɗansa ba ne? Mayar da batir mu gani." Na mayar. Fitilu suka kama, ya danna hon har awakin da ke kwance a inuwa suka watse. Ya shafa kaina da hannun nan nasa ya ce na fi ubana, ya ja mota ya tafi.

Da Baba ya dawo daga maƙabarta ya ga babu mota, ransa ya ɓaci. Ya tsaya a kaina.

"Ka sa fiyus?"

"Na sa, Baba."

"Robar huda fa?"

"Ita ma na sa."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce to, in Bala ya shigo gari zai duba da kansa. Ban taɓa yi masa ƙarya a kan aiki ba, shi ya sa ya yarda. Da yamma na je fili. Ban ci tseren ba, amma babu wanda ya kula da wanda ya ci, duk sun kewaye motata suna roƙon in bari su taɓa fitilar. Na koma gida ina jin kaina kamar sarki.

Kawu ya shigo gari sau da yawa bayan nan, amma lokacin kwasar albasa ne, ba ya tsayawa. Baba ya aika masa sau biyu ya kawo motar, Kawu ya ce fitila na ci, hon na ƙara, me za a duba. Ni kuwa kowace rana ina da damar in buɗe baki. Nakan ga motar ta wuce a tasha, sai in ce wa kaina ai ga shi ba abin da ya faru.

Sati uku aka yi. Da hantsi ne, Kawu ya taso daga Gulma da buhunan albasa a sama da mutane cike a ciki, bai kai Argungu ba hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari. Waɗanda ke cikin motar ne suka ba da labari daga baya. Ya tsaya ya kashe mota ya zare makulli, amma hayaƙin bai tsaya ba, domin wayar da na ja ba ta bi ta makulli ba, kuma babu abin da zai tsinke a hanyarta. Mutane suka yi ta fita ta taga. Akwai wata tsohuwa a kujerar baya, igiyar da aka ɗaure kaya da ita ta bi ta kan ƙofarta. Kawu ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari ya kama wayar da ta yi ja yana fizga, robar da ta narke ta manne masa a tafin hannu. Da ta ƙi tsinkewa ya zaga ya yi ta jan igiyar har ya ɓalle ƙofar ya fito da tsohuwar, wuta na cin hannun rigarsa. Manoma suka taso daga fadama da bokitai da yashi, amma kafin su iso ba sauran abin ceto. Babu wanda ya mutu. An ce har washegari wurin yana warin gasasshiyar albasa da ƙonanniyar taya.

Kawu ya yi wata biyu a asibiti. Hannun hagu ya warke da tabo. Na dama kuwa yatsunsa huɗu suka lanƙwashe suka manne da tafin, ba su ƙara miƙewa ba. Bai ƙara riƙe sitiyari ba, bai ƙara jefa taru ba, ko fartanya sai dai ya maƙale ta a gwiwar hannu. Wani bakanike a Argungu ya bi sawun ƙonanniyar wayar a gangar motar, ya nuna wa direbobi: ta taso daga batir kai tsaye, babu fiyus, ta ratsa ƙarfe babu roba. Magana ta bazu a tashar Argungu da ta Birnin Kebbi, cewa Malam Garba mai yi wa mutane wa'azin fiyus ya yi wa ƙanin matarsa aikin banza don ba biyansa zai yi ba. Oga Emeka ya yi ta rantsuwa cewa da hannunsa ya ba Baba kayan a safiyar ranar, babu wanda ya saurare shi. Da Baba ya je dubiya, Kawu ya juya fuska bango. Inna ta dawo daga asibitin ta shiga ɗaki, kwana uku ba ta ɗora tukunya ba. Baba bai musa wa kowa ba. Abin da kawai yake cewa shi ne, "A rumfata anka yi aikin."

Na ɓoye motar langa-langar a bayan rumbun dusa. Wata rana da safe tunkiya ta tsinke igiya ta shiga wurin, Baba ya bi ta, ya fito da motar a hannu. Ina tsaye da bokitin ruwa. Ya daɗe yana kallon fitilar da ke samanta. Ya sa farce ya ɓanɓare ta, ya juya ta, ya sa a aljihu. Na jira duka, har na so a dake ni. Sai ya waiga ya ga Inna ba ta kusa, ya ce da ni a hankali, "Ni na bar ma yaro aikin babba, na tafi. Kada uwarka ta ji wanga zance. Ta ji haushina ya fi mata sauƙi da ta san ɗanta ne." Ya ajiye mini motar a ƙasa ya fita. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya.

A nan laifina na biyu ya fara, kuma ya fi na farko girma. Umarnin nan yaro aka ba, amma na riƙe shi har na yi gemu, domin ya yi mini daɗin fakewa. Ina gani motoci suka ragu a rumfar Baba, har wata rana mu wuni ba a ɗaga murfin inji ko ɗaya ba. Ina gani duk sallah yana ɗinka wa Kawu riga ya aika Gulma, ana dawo da ita a naɗe yadda ta tafi. Inna takan je ganin danginta ita kaɗai. Ni kuma in na je, Kawu yakan tarbe ni da murna, ya sa a yanka mini kaza, ya ce ni dai ba ruwana, jinin yayarsa ne. Ina cin kazar. Na yi aure ya zo, ya zauna a wata rumfa daban da ta Baba. Inna ta rasu ba ta ga mijinta da ƙaninta a tabarma ɗaya ba. Daga ranar dalilin da Baba ya ba ni ya ƙare, amma na ƙara shekara huɗu ina cewa sai an samu lokacin da ya dace. Sai Baba ya kwanta ciwon kwana shida ya tafi. Kawu ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya koma kafin a dawo daga maƙabarta.

Bayan sadakar bakwai na buɗe akwatin kayan aikin Baba. A can ƙasa, cikin wani ƙyalle, na sami gidan fiyus ɗin, har da ɗan ƙwan tocilar da na sa a ciki. Washegari na hau mota zuwa Argungu, na hau babur zuwa Gulma. Na tarar da Kawu a ƙofar gida yana tsaron shanyar shinkafa, yana korar kaji da kara a hannun hagu. Ya tsufa ƙwarai. Bayan gaisuwa na durƙusa na ajiye abin a kan tabarmarsa, na faɗa masa komai, tun daga tsumman da Baba ya shimfiɗa har zuwa bayan rumbun dusa. Ban rage komai ba. Ya ɗauka yana juyawa, kaji suka shiga shanyar bai kore su ba.

"Shi Malam ya sani?"

"Ya sani, Kawu. Tun kana asibiti."

Sannan ya ce, "Shekara ashirin da ɗaya ina kwana da mutumen ga a raina. Ya aiko riga na mayar. Ya yi mini sallama a masallacin Juma'a na yi kamar ban ji ba." Ya dubi hannunsa na dama, ya dube ni. "Hannun ga na yafe maka, Nasiru, yaro kake. Amma da ka zo ko da wata ɗaya baya, da na same shi. Yanzu ina zan gan shi in roƙe shi?"

Ya miƙo mini akwatin ya ce in tafi da shi, ba ya son ganinsa a gidansa. Ya sa an kawo mini ruwa, amma bai ce in kwana ba.

Yanzu ni ke zaune a rumfar Baba, dogon yaron yana nan ya ƙara girma. Samari na kawo motoci da keke mai ƙafa uku a sa musu fitilu masu launi, da manyan lasifika, da wurin cajin waya, kowa yana sauri. Sau da yawa in na leƙa ƙarƙashin sitiyari nakan tarar da wayoyi a murɗe da leda, an cusa jan ƙarfe a gurbin fiyus don kada ya ƙara tsinkewa. Nakan ce sai an warware duka, wasu su yarda, wasu su ce na cika tsoro su tafi gaba. Yaran unguwarmu ba sa yin motar langa-langa kuma, filin bayan makaranta ma an gine shi. Wani lokaci da azahar in gari ya yi tsit, nakan dubi wurin da tsohuwar tayar nan take, in tuna mutum biyu suna zolayar juna a kan fitila, ɗaya na cin gyaɗa, ɗaya kansa cikin inji. Akwatin yana cikin aljihuna kullum. Ko girman kwalin ashana bai kai ba.